Ƙidaya Daga Bakin Ƙofa

A gidan Alhaji Sabitu, can bayan tashar manyan motoci ta Zongo a birnin Lome, ɗaki tara ne ke shan wuta daga mita ɗaya. Mitar irin ta kati ce: a saya mata wuta a zuba, ta cinye, ta yi 'yar ƙara, gida ya yi ɗif. A da, wutar da aka zuba farkon wata takan kai ƙarshensa. Bana sai ta fara ƙarewa ran ashirin ga wata, sannan ran sha bakwai. Watan jiya ran sha huɗu ta ɗauke, da rana tsaka, Hajiya Kulsum matar Alhaji na tsakiyar kallon wa'azi.

Yadda ake raba nauyin wutar kuwa tun zamanin mahaifin Alhaji yake. Kowane farkon wata Alhaji zai fito da carbinsa ya bi ɗaki ɗaki. Ba ya shiga. Dattijo ba ya shiga ɗakin matar wani, ko da shi ya gina ɗakin, kuma dokar gidan ce namiji ba ya wuce bakin ƙofar da ba tasa ba. Sai ya tsaya a waje, ya yi sallama, a ɗan ɗage masa labule, ya ɗaga kai sama. Ƙwan fitila kai ɗaya, fanka kai biyu, yana ja a carbi. Abin da ya gani a rataye shi ne abin da ke akwai. Abin da ke zaune a ƙasa bayan labule, ko ƙarƙashin gado, ko wanda aka lulluɓe da zane aka jera masa kwanuka a kai, wannan tsakanin mai ɗaki ne da Ubangijinsa.

Abin mamakin shi ne Alhaji ba azzalumi ba ne. Shekara talatin ya yi yana sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwa, har yau tsofaffin matan unguwar Bè na ba da labarin sandar awonsa, wadda ba ta taɓa cin ɗan yatsa ɗaya na mai saye ba. Amma da ya shigo gida sai ya ajiye awo a zaure ya ɗauki "haka muka tarar."

Kowa a gidan ya san akwatin da ke kusurwar ɗakin Hajiya Kulsum ba akwatin tufafi ba ne, domin akwatin tufafi ba ya gurnani, kuma ba a fito da ƙullin zoɓo mai ƙanƙara daga cikinsa. Kowa ya san Boubacar, ɗan kamashon tasha, ba da gawayi matarsa Safiatou ke goge masa shadda ba. Kowa ya sani, kuma ba wanda ya sani. Mu a Zongo mun ƙware a wannan ilmin fiye da kowane ilmi. Mu ga abu shekara ashirin, mu kira shirunmu rufin asiri, ranar da abin ya fashe kuma mu nemi wanda ba shi da kowa mu ɗora masa.

Wadda ba ta da kowa a gidan ita ce Kadidja. Daga Tawa ta zo da mijinta, mijin ya rasu, ta zauna. Surfani take yi da hannu a wuyan rigunan maza, da shi take ci. Ɗakinta ne na ƙarshe a lungun baya, ba taga, ko da azahar sai ka laluba kafin ka ga takalminka. Shi ya sa take da ƙwai uku, 'yan ƙanana farare irin na yanzu: ɗaya a sama, biyu ta zuro su da waya daidai kan tabarmar aikinta. Tun da safe suke ci har magariba, kuma duk wanda ya wuce zuwa banɗaki sai ya ga hasken ta cikin labule.

Ran Lahadi bayan la'asar Alhaji ya tara gidan a ƙarƙashin rumfa.

"Jama'a, wuta ba ta kai wata," in ji shi. "Ban tara ku don in tona wa kowa asiri ba. Amma ido ba ya ƙarya."

"Ido kam ba ya ƙarya, Alhaji," in ji Boubacar, yana karkaɗe hannun shaddarsa mai kari kamar wuƙa. "Ni duk sanda na bi lungun baya sai in ɗauka filin jirgi na shiga."

Aka yi dariya. Kadidja ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

A bakin rumfar Radiyya ke tsaye, 'yar ƙanin Alhaji, wadda ta tashi a hannun Hajiya Kulsum tun tana yaye, yanzu kuma take shekarar ƙarshe a jami'a tana karanta tattalin arziki.

"Baffa, a ba ni izini."

"Ga Madam Kilowat nan," in ji Boubacar.

"Yi magana," in ji Alhaji, "amma da Hausa. Kada ki kawo mana faransanci."

"Baffa, haske ba ya cin wuta. Zafi da sanyi ne ke ci. Ƙwan Tanti Kadidja uku, in sun wuni a kunne daga safe zuwa magariba, ba su ci abin da dutsen guga ɗaya ke ci cikin rabin awa ba. Kuma wutar nan mataki-mataki ake sayar da ita. In gida ya wuce wani mizani, kowane kilowat sai ya ƙara tsada. Mu tara ne a kan mita ɗaya, tun makon farko muke wuce mizanin, shi ya sa abin da aka zuba yake narkewa kamar ƙanƙara a rana. Ko an kashe ƙwanta duka, wallahi ran sha huɗu wutar za ta ɗauke, in ba ta riga ba."

Alhaji ya ja carbi sau biyu. "Kin ce dutsen guga. Dutsen gugar wa?"

Radiyya ta juya. Safiatou ta duƙufa tana duba farcenta. Sauran mata sun gano wani abin sha'awa a rufin rumfa. Hajiya Kulsum kuwa Radiyya take kallo, kai tsaye, irin kallon da ke cewa a bayan nan na goya ki. Radiyya ta kawar da kai.

"Kin gani," in ji Alhaji. "A ƙidayata gidan nan ƙwai goma sha huɗu ne da fanka shida, uku daga ƙwan na mutum ɗaya ne, kuma su ne ba su mutuwa. Ran Asabar Idi mai gyaran wuta zai zo ya cire wayar lungun baya. Wata ɗaya, mu gwada. In wutar ba ta gyaru ba sai a mayar."

"Alhaji," in ji Kadidja a hankali, "saura mako uku Sallah. Rigar mutane goma sha ɗaya ke hannuna."

"Ki fito tsakar gida, baiwar Allah. Rana kyauta ce."

"Damina ce, Alhaji. Ga hayaƙin murhu, ga kaji. Farar shadda ce."

"Wata ɗaya ne kawai," in ji Alhaji, ya shafa addu'a, taro ya watse.

Radiyya ta bi Kadidja har ɗaki. Rigunan na jibge a kan akwati, kowace da takardar sunan mai ita a maƙale da allura.

"In ba ki gama su ba fa, Tanti?"

"Sai su karɓi kayansu su kai wa masu keken ɗinki. Wanda ya je can kuma ba ya dawowa." Kadidja ta zura zare a allura ba tare da ta duba ba. "Bari, ɗiyata. Baƙo ba ya ja da mai gida."

"Shekara tara kina gidan nan, har yau baƙuwa ce ke? Mai firiza ba baƙuwa ba, mai hitar ɗuma ruwa ba baƙo ba, sai ke da ƙwai uku?"

"Rage murya. Bango na da kunne."

"Ai shi ne abin da ke ƙona mini rai. Bango na da kunne, amma Baffa ba shi da ido sai na sama."

Washegari a kan zemijan, wato babur ɗin haya, tana hanyar jami'a dabara ta faɗo mata. Malaminsu ya raba ɗalibai biyu biyu, ya ba kowane biyu gida goma. Aikin shi ne su rubuta tsofaffin kayan wutar da ke kowane gida, su auna abin da kowanne ke sha da wani ɗan ma'auni da ake soka wa a bango. Da wannan za a yi lissafi: in aka taimaka wa mutane suka sauya tsofaffin firij da dutsen guga da sababbi marasa ci, wuta nawa gari zai rage sha, kuma taimakon zai biya kansa ko hasara ce. Ita da abokin karatunta Abdel sun riga sun zaɓi gidaje goma a unguwar Agbalépédo, domin wa zai kai bincike gidansu? Tun kafin ta sauka daga babur ta kira Abdel ta ce gida na goma ya sauya, kuma ran Asabar ya zo da wuri, ya ɗaura lakatai.

Ran Laraba ta sami Safiatou na wanki a bakin famfo. Duk labarin da ake so ya zaga gidan kafin a sauke tukunya, nan ake kawo shi.

"Anti Safiatou, ran Asabar wani zai zo daga jami'a da takardu. Tsofaffin kayan wuta zai rubuta, da sunan mai su."

Safiatou ta tsame hannu daga kumfa. "Don me?"

"Lissafi ake yi, a ga ko sauya wa mutane tsofaffi da sababbi zai yi amfani."

"Sauyawa?"

"Ban ce za a ba kowa komai ba. Lissafi ne kawai."

"Ke dai yarinya ce. Gidan sauro da aka raba bara, yaya aka fara? Ba suna aka rubuta ba? Su ma cewa suka yi ƙidaya ce kawai. Wanda ya ce ba ya gida ranar, har yau sauro ke cinsa."

"Ni dai na faɗa miki, ba a yi alkawarin komai ba."

"Ai ba za su faɗa ba, kada mutane su yi yawa." Safiatou ta rage murya. "Wanda igiyarsa ta ɗan ƙone, suna karɓa?"

"Rubutawa suke yi, Anti. Karo na uku ke nan ina gaya miki, ba rabo ba ne."

"Na ji, na ji," in ji Safiatou, ta bar wankin a jiƙe ta nufi ɗakin da ke kusa.

Kafin Juma'a labarin ya yi ƙiba. An ce daga Jamus kayan za su zo, wasu suka ce daga Dubai. An ce jirgin ruwan ma ya iso, sauke kaya ya rage. Bayan an sauko daga masallaci Hajiya Kulsum ta kira Radiyya ɗaki, ta miƙa mata ƙullin zoɓo mai sanyi har yana hayaƙi, daga cikin akwatin da babu shi.

"Radiyya, in abu babba ne, mai nauyi, su suke shigowa su gani?"

"Hajiya, mai rubutun namiji ne. Kin san dokar gidan nan. Namiji ba ya wuce bakin ƙofa."

"Haka ne," in ji Hajiya, tana kallon akwatin. "Ko in ɗage masa labule ya hango?"

"Sai ya taɓa da hannunsa, ya soka masa ma'auni. Abin da bai fito tsakar gida ba, ba ya shiga takarda."

Hajiya ta gyaɗa kai. "To Allah ya kai mu goben."

Ran Asabar da hantsi Abdel ya iso, siriri, da lakatai da gilashi, da takardu masu hatimi. Radiyya ta kafa masa tebur a tsakiyar gida daidai inda kowa zai gani, ta jawo masa doguwar waya daga zaure. Minti biyar ba wanda ya motsa. Sai labulen Safiatou ya ɗaga, ta fito da dutsen guga a hannun dama, wani kuma a hagu, butar dafa ruwa a hammata.

Daga nan gidan ya fashe. Abin da ya fito daga ƙarƙashin gadaje ranar, ko kasuwar 'yan gwanjo sai haka. Dutsen guga bakwai. Butar lantarki biyar, ɗaya ba murfi. Risho mai wuta har biyu, da tukunyar dafa shinkafa, da injin markaɗe wanda gidan ya shekara yana jin kukansa ana cewa na maƙwabta ne. Wata amarya ta fito da abin busar da gashi, ta koma ta fito da ƙaramin firij wanda ta yi wa riga da leshi. Boubacar da kansa, wanda bai je tasha ba ranar, ya fito rungume da wata tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, ya dire ta yana haki, ya ce a rubuta da sunansa, ba da sunan matarsa ba. Mata huɗu suka turo firizar Hajiya Kulsum a kan tabarma, Hajiya na biye tana cewa a yi a hankali, ta gado ce.

Ana cikin haka Idi mai gyaran wuta ya shigo da tsani a kafaɗa da filaya a aljihu, ya tsaya turus a bakin zaure.

"Tashi ake yi?" ya tambaya.

Ba wanda ya kula shi. Ya jingina tsaninsa a bangon lungun baya, ya je ya yi sallama a turakar Alhaji.

Alhaji ya fito da carbi a hannu. Ya dubi tsakar gidansa daga wannan bango zuwa wancan. Ya dubi firizar, ya dubi matarsa, matar ta gyara ɗaurin kallabi. Leɓensa na motsi, yatsunsa na ja, har carbin ya zagayo bai gama ba. Radiyya ta san a nan ne ko dai a yi gaskiya, ko a kore ta da Abdel da teburinsu.

Alhaji ya taka a hankali har gaban tebur.

"Samari."

"Na'am, Alhaji."

"Firij ɗin da ƙofarsa ba ta rufuwa sai an ɗaure, shi ma ana rubutawa?"

"Irinsa muka fi nema, Alhaji," in ji Abdel da zuciya ɗaya.

"Idi, ajiye filayar nan. Boubacar, kama masa."

Su biyu suka shiga turaka, karo na farko a tarihin gidan, suka fito suna nishi da wani dogon firij mai tsatsa wanda aka ɗaure cikinsa da robar tayar keke. Da suka dire shi robar ta tsinke, ƙofar ta wangale. Gorar ruwa biyu ne a ciki da rabin lemun tsami. Daga samansa kuma wani abu ya zamo ya faɗi ƙasa a naɗe cikin tawul: hita ce, irin mai murɗaɗɗen ƙarfe da ake tsomawa a bokiti.

"Ta gwiwa ce," in ji Alhaji ba tare da an tambaye shi ba. "Likita ya ce ruwan zafi, safe da yamma."

"Allah ya ƙara sauƙi," in ji gidan gaba ɗaya.

A ƙarshen layi Kadidja ke tsaye, riƙe da dutsen gugarta na gawayi, mai zakara a kan murfi.

"Tanti, wannan ba ya shan wuta," in ji Abdel.

"Rubuta dai, ɗana. Ba a san inda rabo yake ba."

Radiyya ta dubi tsakar gidan. Duk abin da ke gurnani ko zafi a gidan ga shi nan a ƙasa, igiyarsa a naɗe. Kowa na waje, ba fankar da ke juyawa. Abu ɗaya ne kawai ke kunne a ɗaki tara: haske na fitowa ta labulen lungun baya.

"Baffa, don Allah zo ka ga wani abu a zaure."

A jikin mitar akwai wata 'yar jar fitila da ke ƙiftawa gwargwadon wutar da ake ja. Alhaji ya tsaya gabanta, jama'a suka taru a bayansa.

"Yanzu ƙwan Tanti Kadidja uku ne kaɗai ke ci a gidan nan. Mu jira ta ƙifta."

Suka jira. Wani ya yi tari. Kaza ta wuce.

"Ta lalace ne?" in ji Boubacar.

Can, kamar mai gyangyaɗi a wurin wa'azi, fitilar ta ƙifta sau ɗaya ta koma barci.

"Abdel, soka firij ɗin Baffa. Sa hitar a bokiti, ita ma soka ta."

Firij ɗin ya yi tari, ya girgiza, ya kama ruri. Jar fitilar ta farka ta shiga ƙifce-ƙifce ba tsayawa.

"Ƙara dutsen guga ɗaya."

"Ba nawa ba!" in ji Safiatou. Nata Abdel ya soka, don shi ne a kusa. Fitilar ta koma kamar ta motar asibiti.

"Ya isa," in ji Alhaji. "Zare."

Sai a lokacin wata daga baya ta tambayi abin da ya kamata a tambaya tun Laraba. "To, yaushe za a kawo sababbin?"

Abdel ya gyara gilashi. "Waɗanne sababbi? Mu aunawa kawai muke yi, mu kai wa malaminmu."

Gidan ya juya kan Safiatou. Safiatou ta juya kan Radiyya.

"Sau uku na gaya miki, Anti. A bakin famfo."

"Kin gaya mini, amma da wace irin fuska kika gaya mini? Munafuka! Kin sa na fito da har wanda na ɓoye wa mijina!"

"Au, na biyun nan namu ne?" in ji Boubacar.

Hayaniya ta kaure. Hajiya Kulsum ta dubi Radiyya, kuma Radiyya ta san ita da zoɓo mai sanyi sai wani ikon Allah. Alhaji ya ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Idi, ɗauke tsaninka. Ba za a cire waya ba." Ya juya wajen Kadidja. "Baiwar Allah, an ɗauki alhakinki. Daga yau na cire ki daga ƙidaya. Ki sha wutarki, sadaka ce, ladan ya kai ga mahaifina. Shi ke nan, kowa ya mayar da kayansa, a rufe maganar."

Aka fara kabbara ƙasa-ƙasa, kowa na neman igiyar kayansa. Radiyya ta ji kamar ta fasa ihu. Wannan ce dabararmu ta ƙarshe in an kama mu: mu jefa wa wanda muka zalunta sadaka, mu fito da lada, farkon wata kuma a koma ɗaga kai sama. Ta buɗe baki, amma Kadidja ta riga ta.

"Alhaji, na gode, Allah ya ji ƙan mahaifinka. Amma ban karɓa ba."

"Ba ki karɓa ba?"

"Ni ba bara na zo yi Lome ba, da allurata nake ci. In na sha wutar sadaka, gobe duk sanda ta ɗauke ni za a sake kallo." Ta ajiye dutsen gugarta a ƙasa. "Mijina yakan ce, a duk kasuwa shaddar Alhaji Sabitu ce kaɗai ba ya sake aunawa in ya kawo gida. Ka taɓa sayar wa mutum yadi da ido, daga bakin ƙofar shago? Ni awo nake so. A auna ni, a auna kowa. Abin da na sha in ɗauka."

Alhaji ya dube ta. Sannan ya zura carbin a aljihu.

"Idi, akwai sandar awon wuta?"

"Akwai ƙananan mitoci, Alhaji. Kowane ɗaki da tasa, a bakin ƙofa ake kafawa daga waje. Ba sai an shiga ba."

"Daga waje?" Fuskar Alhaji ta ɗan saki. "To ka nemo takwas."

"Tara dai, Alhaji," in ji Boubacar.

"Takwas. Turakata ba a rataya mata ma'auni. Ni haya nake a gidan ubana?"

"To in an cire na ɗaki takwas, sauran da babbar mita ta nuna, wa zai ɗauka?"

Alhaji ya yi murmushi irin na manya. "Ɗan abin da ya rage, na maigida ne. Ni zan ɗauka. Ku shaida."

"Amma Alhaji, ai in aka debe takwas daga..." Abdel ya fara. Radiyya ta taka masa ƙafa da dukan nauyinta.

"Mun shaida, Baffa," in ji ta, kanta a ƙasa, cikin ladabin da ba a taɓa jin ta da shi ba. "Allah ya ƙara girma."

Idi da Boubacar suka sake kinkimar firij ɗin suka mayar turaka, Alhaji na biye da hitarsa a naɗe cikin tawul.

Kadidja ta miƙa riga ta goma sha ɗaya ana gobe Sallah, da hantsi. A watan nan wutar gidan ta kai ran ashirin da shida, domin tunda aka kafa mitoci a bakin ƙofofi mata suka gano ashe ana iya tara guga a yi ta rana ɗaya, kuma buta ba ta bukatar tafasa sau shida. Ƙaramar mitar lungun baya kuwa da ƙyar lambarta ke motsi, har Boubacar ya ce a duba ko Idi ya kafa ta a juye.

Farkon watan da ya biyo Alhaji ya bi ƙofa takwas da Radiyya a bayansa, tana karanta masa lamba. Suka ƙare a zaure gaban babbar mita. Ta faɗa masa abin da ya rage. Ya ce ta sake faɗa. Ta sake. Ya shige turaka.

Bayan kwana biyu aka ga Idi da Boubacar sun sake fitowa da dogon firij ɗin, wannan karon har waje, inda wani mai sayen tsohon ƙarfe daga Bè ke jira da kurarsa. Alhaji na tsaye a zaure yana bayyana wa duk mai wucewa cewa ruwan sanyi ba ya yi wa gwiwa kyau, ya daɗe yana son rabuwa da shi.

Safiatou ta matso kusa da Radiyya, tana kallon kurar na tafiya.

"Kin gani ko? Na Alhaji an zo an ɗauka." Ta rage murya. "Tsakani da Allah, namu yaushe ne?"